Kifin Da Ake Kamawa A Sake

Idan Bahaushe ya ce su, abin da ke zuwa masa a rai shi ne koma da taru da birgi da mamari, da kwalekwale, da Basarke tsamo-tsamo cikin ruwa yana nema wa iyalinsa abinci. A wajenmu su sana'a ce ta gado, ba a kuwa yin wasa da sana'a. To, amma akwai wani irin su a duniya wanda masu kuɗi ke yi don nishaɗi a cikin teku, su ɗauki shatar jirgi sukutum, su yini suna fafatawa da kifi ɗaya, in sun kama shi kuma su mai da shi ruwa. Wannan al'amari shi ya shiga tsakanin mahaifina da ƙanensa shekara da shekaru, shi ya sa na ga ya kamata in kawo shi gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ko ma yi tunani a kansa tare.

Mu Sarkawa ne na ƙasar Yawuri. Kakana ya yi su a Kwara tun kafin a datse ta a Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsofaffin garuruwa. Mahaifina ya gaje shi, har gobe kuwa yana nan bakin ruwa. Shi kuwa Baffana, tun yana saurayi ya bi ayarin masunta zuwa Gana, ya yi shekaru a tafkin Bolta wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, daga nan ya gangara har Ada, watau inda kogin ya faɗa teku, kamar kilomita 100 gabas da Ankara. Can ya sami aiki a wani jirgin shata mai kai baƙi su. Ranar da labari ya iso gida cewa aikin Baffa shi ne ya kama kifi ya sake, mahaifina cewa ya yi, "Wannan ba su ba ne, almubazzaranci ne." Tun daga nan gaisuwarsu ta koma sama-sama.

A watan Nuwamba na 2024 na je wajen Baffa hutu, domin an ce gani ya kori ji. Abu na farko da ya koya mini shi ne teku ma tana da damina da rani irin nata. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama a gaɓar Gana, ya kawo abincin ƙananan kifaye, sai sadin su yi yawa. Wannan ita ce kakar masu kwalekwale. Shi kuwa kifin da baƙi ke nema, wanda Turawa ke kira malin, ruwan ɗumi mai shuɗi yake so, saboda haka jiragen shata sun fi samun ciniki a watannin da ruwa ya yi ɗumi. Har ila yau Ada tana da wata fa'ida. A wannan sashe ba a yin nisa da tudu sai a tarar da ruwa mai zurfi, alhali wajen Takoradi sai an yi tafiya mai tsawo ƙwarai. In lokaci ya wuce baƙi sukan ɗauke ƙafa, a ɗaure jirgi, Baffa ya koma gyaran igiya da fenti, abin da ya tara shi zai ci.

Shi malin, ya mai karatu, ba ya cikin kifayen da harshenmu ya raɗa wa suna, don ba ya shiga kogi. Ni dai na sa masa Mai-mashi, saboda leɓensa na sama ya miƙe ya yi tsini kamar mashi, da shi yake bugun ƙananan kifaye su suma ya haɗiye. Matan sun fi mazan girma nesa ba kusa ba. Ƙungiyar da ke rubuta bajintar masu wannan su, wadda aka kafa a Amurka a 1939, ta rubuta cewa a 1992 wani mutum mai suna Paulo Amorim ya kama shuɗin malin mai nauyin kilo 636 a gaɓar Barazil, a 1953 kuma Alfred Glassell ya kama baƙin malin mai kilo 707 a gaɓar Peru. Don a gane girman abin, kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, sai da ƙarti suka taru kafin a ɗaga shi.

Ran nan ɗaya daga cikin yaran jirgi bai ji daɗi ba, sai Baffa ya roƙi kyaftin aka tafi da ni in riƙa wanke daɓe da miƙa ruwa. Muka fita da asuba da baƙi biyu. Wurin da kogi ya haɗu da teku raƙuman ruwa suka yi ta ɗaga mu suna kayarwa, ni ɗan Basarke sai ga ni rungume da bokiti. Baffa ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ba Kwara ba ce." Da muka kai ruwa mai shuɗi aka zuba kifayen ƙarya na roba masu launi-launi a bayan jirgi, kowanne da ƙugiya a ciki, jirgi na tafe a hankali yana jan su. Muka yi awa biyar ba ko motsi.

Can wajen azahar sai ƙwarƙwaron ƙarfen da ke naɗe igiya ya ɗauki ƙara. Aka zaunar da baƙo bisa wata kujera da aka kafe a tsakar jirgi, aka ɗaura masa ɗamara, aka sa masa sandar fatsa a gaba. Kifi ya yi tsalle ya fito ruwa gaba ɗaya, ya girgiza kai, ya koma. Ya ja, baƙo ya ja, kyaftin na bin sa da baya da baya, har fiye da awa ɗaya. Da ya gaji ya matso jikin jirgi, Baffa ya sa safar hannu ya cafke igiya. A dokar wasan, da zarar yaron jirgi ya kama wannan igiya ta ƙarshe, to, an kama kifi ke nan. Ya soka masa wata 'yar lamba a gadon baya, ya zare ƙugiya, ya riƙe mashin, jirgi ya ci gaba da tafiya sannu don ruwa ya ratsa ta bakinsa ya farfaɗo. Da ƙarfinsa ya dawo Baffa ya buɗe hannu, ya ce, "Je ka, Allah ya kiyaye." Kyaftin ya ƙiyasta zai kai kilo 200.

Da yamma muna komowa muka wuce mata a bakin gaɓa da kwanoni, suna jiran kwalekwalen da suka dawo kusan wayam. Nan maganar mahaifina ta faɗo mini. Na ce, "Baffa, wannan kifi da ya ciyar da unguwa guda." Ya ce, "Da ya ciyar da su yini biyu. Ni kuwa shekara goma sha ina cin abinci a kansa yana raye. Ka gaya wa Yaya, ban bar gado ba."

Na auna maganar nan ƙwarai, na ga tana da ƙafafu. Ba fatsar baƙo ce ke ƙarar da malin ba, manyan jiragen kamun tuna ne masu shimfiɗa mamari mai tsawon kilomita da yawa da dubban ƙugiyoyi, su kama wanda suke nema da wanda ba su nema. A 2011 aka sa shuɗin malin cikin jerin halittun da ake tsoron raguwarsu. Lambar nan kuwa da Baffa ke sokawa, wadda masana suka fara amfani da irinta a Amurka tun 1954, ita ke nuna inda kifi ya bi in an sāke kama shi, ta haka aka tabbatar malin na ƙetare teku daga wannan nahiya zuwa waccan. Gwamnatin Gana ma a 2019 ta rufe teku wata guda ga masu kwalekwale don kifi ya sami hayayyafa.

Sa'an nan mu kanmu ba baƙin wannan hikima ba ne. Bikin Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, gasa ce ta wa ya fi kama babba, da 'yan kallo da kiɗa da kyauta. Me ya sa ake samun manya a Matan Fada? Domin Sarkin Ruwa na hana su a wurin har ranar biki. Ashe kakanninmu sun san kifin da aka bari yau shi ne babban gobe.

Duk da haka ba zan ce mahaifina ba shi da hujja ba. Kuɗin shatar yini guda ya fi abin da yake samu a watanni, amma kaɗan ne ke sauka hannun irin su Baffa, jirgi na wani, riba ta wani. Wanda ya ƙoshi ne ke iya sakin kifi, mai jin yunwa kuwa ba a yi masa wa'azin haƙuri da ciki wayam. In ana so matan bakin gaɓa su yarda da sakin malin, sai su ga amfaninsa a tukunyarsu, a kuma tsare musu sadin ɗinsu daga manyan jirage.

Da na komo gida na isar da saƙon Baffa kamar yadda ya faɗa, na nuna wa mahaifina hoton kifin. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko da hannu Baffa ya riƙe mashin. Na ce da hannu. Ya ce, "To, jinin gidanmu ne." Bai ce ya yarda da sakin ba, amma da Sallah ƙarama shi ya fara kiran ƙanensa a waya.

Roƙona ga 'yan'uwa masu nazarin Hausa shi ne mu shiga cikin Sarkawa mu rubuta sunayen kifaye da kayan su da dokokin ruwa tun masu su na da rai. Allah ya sa mu dace, amin.