Yadda hasashena na Cy Young ya cinye kuɗin rajistar abokina

1/
Jama'a, kakar besbol ta Amurka ta kusa farawa, kuma tuni aka fara bi na ta inbos: wa zai ci Cy Young a 2026? Zan faɗa a ƙarshe. Amma sai kun fara jin abin da hasashena ya jawo a 2024. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Na san wani zai ce, kai kuma ina kai ina besbol? Yajin aikin 2022 ne ya ja min. Wata takwas muna zaune a gida. Datar dare ce mai araha, wasannin gabashin Amurka kuma da sha biyun dare agogonmu suke farawa, na yamma sai ƙarfe uku. Tun ina kallo ban gane komai ba har abin ya shiga raina.

3/
Ga waɗanda ba su san wasan ba: mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, mita 18 da ɗoriya tsakaninsa da mai bugu. Wasu jifarsu tana kai gudun kilomita 160 a awa. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, amma babban mai jifa sau ɗaya yake fitowa a duk wasa biyar. Wajen fitowa 32 kenan idan lafiya ta bar shi.

4/
Cy Young ita ce kyautar gwarzon masu jifa. An fara ta a 1956, shekara ɗaya bayan rasuwar mai sunan, wanda ya ci wasa 511, adadin da har yau ba a kamo ba. Don Newcombe ne ya fara ɗauka. Daga 1967 aka mai da ita biyu, ɗaya a rukunin AL, ɗaya a NL.

5/
'Yan jarida 30 ne ke zaɓe a kowane rukuni, biyu a madadin kowace ƙungiya. Kowa zai jera suna biyar: na farko maki 7, sai 4, 3, 2, 1. Suna miƙa ƙuri'a kafin wasannin neman kofi, a sanar a Nuwamba. Wato mai hasashe aiki biyu ne a gabansa: ya karanci hannun mai jifa, ya kuma karanci kan mutum talatin.

6/
A da yawan nasara suka fi dubawa. Matsalar ita ce nasara ba aikin mai jifa kaɗai ba ce. Kamar gola ne da aka ci shi ƙwallo ɗaya tal, 'yan gabansa suka kasa ramawa, aka ce shi ya yi rashin nasara. Shi ya sa aka koma duba ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a duk zango tara. Ƙarami shi ne mai kyau.

7/
A 2010 Felix Hernandez ya ɗauki kyautar da nasara 13, rashin nasara 12, saboda ERA ɗinsa 2.27. A 2018 Jacob deGrom ya ɗauka da nasara 10 kacal, ERA 1.70. Sai ka ce shi kenan, an daina kallon nasara.

8/
To ina 2016? Rick Porcello ya ci wasa 22 ya kuma ɗauki kyautar, alhali Justin Verlander ya fi shi ƙuri'ar matsayi na farko, 14 da 8. Mutum biyu ne suka ƙi sa sunan Verlander a takardarsu gaba ɗaya, aka tashi 137 da 132.

9/
A 2021 kuma wata rigimar ce daban. Corbin Burnes ya yi zango 167, Zack Wheeler ya yi sama da 213. Ɗaya ya fi tsafta, ɗaya ya fi ɗaukar kaya. Kowa ya samu ƙuri'ar farko 12, Burnes ya tsallake da maki goma. Har yau idan ka tayar da maganar a intanet sai an yi faɗa.

10/
Ni ƙididdiga nake karantawa, don haka a farkon 2024 na ce bari in gwada abin da ake koya mana. Na buɗe Excel, na zuba ERA, yawan zango, yawan masu bugun da aka kora da jifa uku, da nasarori. Na gwada shi kan shekarun 2010 zuwa 2023, ya dace da mafi yawan waɗanda suka ci. Kai, ranar ban yi barci ba don murna.

11/
Abin da ban lura da shi ba: alƙaluman ƙarshen kaka na ba shi. Kamar a miƙa maka sakamakon jarrabawar aji ne a ce faɗi wanda ya zo na ɗaya. Wannan ai kowa zai iya. Faɗin wanda zai zo na ɗaya tun ranar da aka koma makaranta shi ne aikin, kuma ban taɓa gwada jadawalin a kan haka ba.

12/
A Maris na zuba alƙaluman 2023. A AL ya ba ni Gerrit Cole. A NL ya ba ni Spencer Strider na Atlanta: shekara 25, nasara 20, ya kori masu bugu 281, fiye da kowa. ERA ɗinsa 3.86 ne, amma akwai ma'aunin FIP, mai duba abin da ke hannun mai jifa kaɗai, kuma ya nuna rashin sa'a ce ta kumbura lambar.

13/
Ina da abokin ɗaki, tun aji ɗaya muke tare. Bai san besbol ba, bai ma damu da ita ba, amma kullum yana ganina da kwamfuta cikin dare. Wata rana ya leƙo ya ce, “Baba, wannan abin naka yana aiki kuwa?” Na juya masa allon, na yi ta bayani kamar wani farfesa.

14/
Ya ce, “Ka tabbata?” Na ce, “Wallahi kamar ya ci ya gama.” Wannan maganar ita ce take damuna har yau. Ban san abin da ke ransa ba, amma ban tambaya ba, kuma na ga yadda ya sake duba sunan yana rubutawa a waya.

15/
Kafin nan ma an yi min gargaɗi ban ji ba. Tun a wasannin share fage gwiwar hannun Cole ta fara ciwo, bai dawo ba sai Yuni. Rabin hasashena ya mutu tun ba a fara ba. Me na ce? Na ce ai shi ya kai 33, Strider kuwa yaro ne.

16/
Farkon Afrilu, bayan wasa biyu kacal, Strider ya ce gwiwar hannunsa tana damunsa. Aka duba, jijiya ce. Aka yi masa aiki, kakarsa ta ƙare. Na ga labarin da asuba, na yi tsaki, na ce jadawalina ya sha ƙasa. A zatona iyakar asarar kenan.

17/
Da na faɗa wa mutumina sai ya zauna bakin katifa ya yi shiru. Can ya ce, “Ba zai dawo ba kenan?” Na ce sai baɗi. Sai ya miƙo min wayarsa. Ashe ya shiga ɗaya daga manhajojin cacan nan ya sa rabin kuɗin rajistar da mamarsa ta turo masa. Mamar ɗinki take yi a gida.

18/
Abin takaicin, tikitin bai rufe ba. Tunda sai Nuwamba ake sanar da wanda ya ci, haka ya ci gaba da nuna masa “ana jira” wata bakwai, kan mutumin da hannunsa ke ɗaure.

19/
Wayar ya sayar ya cike kuɗin. Na ba shi abin da ke hannuna, bai kai ko'ina ba. Kusan sati uku muna ɗaki ɗaya, daga sallama sai “ina makulli”. Bai taɓa ce min laifina ne ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na san shi ya danna, ba ni ba. Amma ni na rantse masa.

20/
Da na koma bincike sai na ga abin da ya fi ba ni kunya. An taɓa yi wa Strider aikin Tommy John a 2019, yana jami'a. Aikin dashen jijiyar gwiwar hannu ne, Dakta Frank Jobe ya fara yin sa a 1974, kuma jinyarsa takan wuce shekara. Labarin a fili yake, kowa zai iya karantawa. Jadawalina dai ba shi da gurbin gwiwa.

21/
Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Afrilun nan dai aka yi wa Shane Bieber, gwarzon 2020, aikin. Sandy Alcantara, gwarzon 2022, bai jefa ko ɗaya ba a 2024. Cole bai jefa ko ɗaya ba a 2025. Ƙarfin jifar da ke sa mutum ya hau saman jadawali, shi ne dai ke cin jijiyar.

22/
Kun san wa ya ci a NL a 2024? Chris Sale, ɗan ƙungiyar su Strider. Shekara 35, ya shafe shekaru yana jinya, Boston ta sallama shi ga Atlanta. Ya yi nasara 18, ERA 2.38, ya kori 225, kuma karonsa na farko kenan. A jadawalina sai ka gangara can ƙasa kafin ka ga sunansa.

23/
Ban jefar da jadawalin ba, gyara shi na yi. Yanzu ina duba tarihin rauni da yawan zangon shekaru uku baya, kuma ya daina ba ni suna ɗaya, jeri yake ba ni. Abin da na koya a ciki: a watan Maris, ko wanda ke kan gaba, rashin cinsa ya fi cinsa yiwuwa, don shi ɗaya ne, sauran kuwa suna da yawa.

24/
To ga nawa na bana. A NL, Paul Skenes na Pittsburgh. Bara ya tashi 10 da 10, ERA 1.97, duka ƙuri'u 30 na farko nasa. A bayansa Cristopher Sánchez da Yoshinobu Yamamoto. Masu ce min ai Yamamoto ne gwarzon World Series, ku tuna an rufe ƙuri'a kafin a je can.

25/
A AL ne na sha wahala. Tarik Skubal ya ci 2024 da 2025, irin abin da rabon a gani a rukunin tun Pedro Martinez a 1999 da 2000. Amma ba wanda ya taɓa jera uku a AL, kuma ina zargin idan aka zo kusa da kusa masu zaɓe za su karkata ga sabon suna. Na ɗauki Garrett Crochet na Boston, wanda ya zo na biyu bara, ya kuma fi kowa korar masu bugu.

26/
Wannan ra'ayin ɗalibi ne mai kwamfuta da datar dare. Don Allah kada wanda ya sa ko naira ɗaya a kai. Wanda ya shigo inbos yana tambayar “wanne ne tabbas”, wannan zaren zan tura masa.

27/
Mutumina ya karanta kafin in saka, ya ce in saka amma kada in kama suna. Ya yi sabuwar waya, mamarsa har yau ba ta sani ba, kuma tun daga lokacin Malam Tabbas yake kirana, har 'yan ajinmu sun ɗauka. Ku ajiye zaren, idan Allah ya kai mu Nuwamba ku zo mu duba. Ku kuma wa kuka zaɓa?