Farfesan da ya ƙi zuwa aiki ranar Asabar

Uwargida, idan aka ce miki farfesa a makarantar koyon kasuwanci, na san hoton da zai zo miki a rai: mutum cikin kwat, ba shi da zance sai na jari da riba. Akwai ɗaya daga cikinsu da nake so ki san labarinsa, domin abin da ya faɗa game da gida ya fi tsaya mini a rai fiye da duk abin da ya koya wa kamfanoni.

Sunansa Clayton Christensen, Ba'amurke, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard daga 1992 har rasuwarsa a watan Janairun 2020, yana da shekara 67. Littafinsa na 1997, The Innovator's Dilemma, shi ya sa shugabannin manyan kamfanoni suka riƙa neman shawararsa. Dogo ne zanƙalele, tsawonsa ya ɗan haura mita 2, kuma tun yana yaro yake son ƙwallon kwando. Matarsa Christine, 'ya'yansu 5. Kirista ne mai riƙo da addininsa sosai.

Lokacin da yake karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila, ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe na gasa, sai aka sa wasan ranar Lahadi. Shi kuwa tun yana ɗan shekara 16 ya ɗauki alkawarin ba zai buga ƙwallo a ranar ibadarsa ba. Abokan wasa suka roƙe shi ya yi haƙuri sau ɗaya kawai, ya ƙi. Da ya fara aiki a wani babban kamfanin ba da shawara a Boston, aka nemi ya zo ranar Lahadi, ya ce ta ibada ce. Aka ce to Asabar, ya ce ta iyali ce, ya riga ya yi wa matarsa alkawari. Hujjarsa ita ce, duk wanda ya karɓi uzurin "sau ɗaya kawai", gobe ma wani uzurin zai zo, kuma shi ma mai ƙarfi ne. Wadda ta taɓa cewa yaro "yau kaɗai" ta miƙa masa waya don ya yi shiru ta san wannan ba sai an fassara mata ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta miki wani ne daban. Ya gama digirinsa na kasuwanci a Harvard a 1979, kuma duk bayan shekara 5 'yan ajinsu sukan haɗu. Ya ce a haɗuwar farko kowa fes, ga aiki ga aure. Da tafiya ta yi nisa sai ya ga da yawa aure ya mutu, wasu 'ya'yansu ba sa ko yi musu magana. Ɗaya daga cikin 'yan ajin, Jeffrey Skilling, shugaban kamfanin Enron da ya rushe a 2001, gidan yari ya ƙare. Babu wanda ya fita daga makaranta da niyyar rusa gidansa. To me ya faru?

Amsar da ya bayar daga darasin ajinsa ya ɗauko ta. Kamfani yakan zuba kuɗinsa inda riba za ta fito da wuri, ya bar abin da sai an jira shekaru. Mutum ma haka yake yi da lokacinsa. Idan kika ba sana'arki awa ɗaya, kafin magariba kin ga sakamako: an sayi atamfar da kika ɗora a WhatsApp, kuɗi sun shigo, wayarki ta yi ƙara. Idan kika ba ɗanki wannan awar, kika zauna kina sauraron labarin faɗan da ya yi da abokinsa a makaranta, ba abin da zai yi ƙara. Sai bayan shekara 20 za ki ga abin da kika shuka. Gida kuma ba ya kai ƙara da wuri. Miji da 'ya'ya suna nan yau, suna nan gobe, shi ya sa ake ta cin bashin lokacinsu.

Akwai misalin da ya kawo wanda har yau nakan tuna idan ina biyan kuɗin mai lesin. Kamfanin kwamfuta na Dell ya fara ba wani kamfanin Taiwan mai suna Asus kwangilar ƙera masa ƙananan sassa, saboda ya fi araha. Daga nan aka ba shi manyan sassan, sai haɗa kwamfutar gaba ɗaya, har da tsara fasalinta. Kowane mataki a takarda riba ne. Ƙarshe Asus ya fito da kwamfuta mai sunansa, Dell kuwa ya wayi gari da suna a hannu, gwanintar tana gidan wani. Farfesan ya ce iyaye ma haka suke yi da tarbiyya. Ki duba namu tsarin: safe boko, yamma Islamiyya, bayan nan mai lesin, wanka da abinci 'yar aiki, abin da ya rage kuma waya ta ɗauka. Kowanne da dalilinsa mai kyau, ni ma ba zan ce a cire ko ɗaya ba. Tambayar kawai ita ce, a ranar da yaro ya shirya yin tambayar da ke damunsa, wa zai tarar a kusa?

Shi dai ya ce mahaifiyarsa ba ta ɗinke masa safa idan ta huje ba. Allura ta ba shi ta nuna masa yadda ake yi. Da ya yi nasa iyalin, gidajen da suka iya saya tsofaffi ne masu neman gyara, kuma da yaran ake aikin.

A 2010 ne ya tara wannan tunani ya gabatar wa ɗaliban da ke kammala karatu, a lokacin yana fama da ciwon daji. A shekarar kuma ya gamu da bugun jini a ƙwaƙwalwa wanda ya taɓa maganarsa, sai da ya sake koyon kalmomi kamar ɗan firamare, sannan ya koma aji. A 2012 maganar ta fito a littafi mai suna How Will You Measure Your Life?, wato da me za ka auna rayuwarka.

Ina da ja a wuri ɗaya. Farfesan Harvard yana iya cewa ba ya aiki Asabar, tukunyar gidansa ba za ta daina tafasa ba. Uwar da ke soya awara don ta cika kuɗin makaranta ba ta da wannan zaɓin, kuma ba zan yarda a ɗora mata laifi a kan wahala ba. Ita sau da yawa yaran ma suna gefenta, suna ƙulla yaji, suna koyon ba da canji, wanda shi ne ainihin abin da farfesan ke kira a yi.

Sannan ki lura da wanda ya yi maganar, da waɗanda ya fara lura da su. Uba ne, kuma yawancin 'yan ajin nan da gidajensu suka watse maza ne masu ganin sun sauke nauyi tunda sun kawo kuɗi. A wurinmu kuwa duk wa'azin tarbiyya kan uwa yake sauka, maigida yana majalisa har goma na dare. Idan ya shigo yau ya ci abinci, ransa ya yi sanyi, ki miƙa masa wayar ki nuna masa wurin da ake maganar Asabar.