Gashin Zabo a Bakin Kogin Tay

A watan Disamba na je Sikotilan duba 'yata da ke karatu a Dundee. Sanyi kam ba a magana, rana kuma kamar mai gudun bashi, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Ran wata Asabar yarinyar ta ja ni Dunkeld, wani ɗan gari a bakin Kogin Tay, gidan kakan ƙawarta.

Mun tarar da dattijon a gaban tebur, ya matse ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe, ga zare, ga alharini, ga gashin tsuntsaye iri-iri. Mu a gida tana muke soka wa fatsa, a Argungu kuwa homa ce da gora. Su ƙwaron ƙarya suke ɗaurawa a jikin ƙugiya, su yaudari kifi da shi. Kifin da suke nema, salmon, da zarar ya baro teku ya shigo kogi don yin ƙwai, ya daina cin abinci ke nan, amma ya ga wannan ƙyale-ƙyale sai ya kai cafka. Har yau masunta na gardama ko haushi ne ko tsohuwar ɗabi'a. An rufe kamun kifin a Tay tun tsakiyar Oktoba, sai 15 ga Janairu za a buɗe, saboda haka hunturu lokacin ɗauri ne.

Dattijon ya nuna mini wani ƙwaron ƙarya mai suna Jock Scott, wanda ake ɗaurawa tun ƙarni na 19. Na ƙura wa maƙogwaronsa ido, na ce da 'yata, "Ke, wannan ai gashin zabo ne!" Shi ne kuwa. Abin da muke figewa mu watsar a bayan kicin, nan a ɗan ƙunshi ake sayar da shi. Ya ba ni labarin Megan Boyd, wata mata da ta zauna kusa da Brora, ta rasu a 2001. Har Yarima Charles, sarkinsu na yanzu, ta ɗaura wa, ita kuwa ba ta kamun kifi, don ba ta son a kashe shi.

Sai ya tura mini kujera. Ni mutum ne da ba ya minti goma bai taɓa waya ba. Zare ya tsinke mini sau uku, gashin ya yi ta zamewa gefe. A na huɗu yatsuna suka gane iya jan da zaren ke ɗauka. Naɗi biyar, a ɗora gashi, a danne da babban yatsa, naɗi biyu a hankali, a duba. In ya karkace ka gani nan take, ka warware ka sake. Maganar mutanen ɗakin ta yi nisa. Ciwon bayan da na zo da shi daga jirgi ban san inda ya shiga ba.

Kiran sallar magariba daga wayar 'yata ne ya dawo da ni. Taga ta yi duhu, shayin da aka ajiye mini ya huce, ban ma san an kawo ba. "Baba, sau biyu ina yi maka magana," in ji ta. A hanya take gaya mini wani masanin halayyar ɗan Adam, Mihaly Csikszentmihalyi, ya yi littafi a 1990 kan wannan nutsewa: tana zuwa ne in aiki bai fi ƙarfinka ba, bai kuma yi maka sauƙin da za ka raina shi ba.

Ni dai hankalina gida Nassarawa ya tafi. Akwai wani mai ɗinkin hula da ke zama a inuwar darbejiya kusa da ƙofar gidanmu. Shekara da shekaru ina yi masa sallama, wani lokaci sai na maimaita kafin ya ɗago, har na riƙe shi a raina da girman kai. Da na dawo na same shi ya duƙufa kan allura, na tsaya a gefe har ya kai ƙarshen layi, sannan na ce, "Malam, sannu da aiki."