Ƙarafan da Turawa Suka Bari a Bayan Gida

Shekara 11 ke nan muna zaune a ɗaya daga cikin gidajen malamai na makarantarmu, irin gidajen nan masu faffaɗar baranda da aka gina tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Amma sai a daminar bara, da muka ɗauki fartanya za mu shuka kuɓewa, muka fara tambayar kanmu ko mene ne amfanin tarkacen da muke tsallakewa kullum.

Akwai wani ƙarfe mai kama da wuƙa marar kaifi da aka kafe da siminti a bakin ƙofa, wanda uwargida ta daɗe tana ɗaure akuya a jikinsa. Akwai ƙatuwar gangar ƙarfe mai mariƙi, da kwalabe a jere a kife a gefen hanya, gindinsu kaɗai ke waje. Wanda ya fi ɗaure mana kai shi ne wani faifan tagulla a kan ɗan ginshiƙi, da ƙarfe mai kusurwa uku a tsakiyarsa. Ɗalibai sun ce alama ce ta inda aka binne dukiya. Mu kuwa da ake kira malamai, kunya ta hana mu buɗe baki.

Daga ƙarshe muka yi tattaki wurin wani dattijo da ya yi aikin lambu a gidan tun yana yaro. Ya yi dariya har da tari.

“Malam, ai na bakin ƙofa na kankare taɓon takalmi ne. Gangar kuwa ni na sha turata, ana danne ciyawa da ita ta kwanta. Mu muna nome ciyawa, su suna ba ta ruwa!”

Kwalaben, in ji shi, iyaka ce tsakanin furanni da ciyawa.

“To Baba, faifan fa?”

“Agogon rana ne, inuwa ke nuna lokaci. Sai dai ban taɓa ganin ya faɗi gaskiya ba.”

Wannan magana ta tsaya mana a rai, har muka kai ta ga abokin aikinmu mai koyar da labarin ƙasa. Ya ce dole ne karkatar ƙarfen mai inuwa ta yi daidai da nisan gari daga layin Ikwaita. Landan na kan digiri 51 da rabi, mu kuwa a nan muna wajen digiri 12, kamar Kano. Muka ari ma'aunin kusurwa daga akwatin lissafin wani ɗalibi, muka auna, sai ga shi ya haura 50 kaɗan. Ashe don ranar Ingila aka ƙera shi. Wani bawan Allah ya ɗauko shi a jirgin ruwa, ya kafa, ya yi ta kallon inuwar garinsu a ƙasar da ba tasa ba. Ba mu yi zaton za mu ji tausayin Bature ba, amma ranar mun ji.

Baba ya rasu da azumi, Allah ya jiƙansa. Bayan salla muka dawo daga hutu muka tarar an sayar wa 'yan gwangwan gangar, a kan sikeli, kamar kowane ruɓaɓɓen ƙarfe. A daren muka kwance faifan daga ginshiƙinsa. Yanzu yana cikin kabad ɗinmu na ɗakin malamai, kuma ranar Talata za mu fita da shi fili tare da 'yan aji uku.