Kunnen makanike da lissafin lakwal

Iyaye da yawa, idan yaro ya kasa a CM2, sai su ce a kai shi garaji, wai gyaran moto bai buƙatar biro. A zamanin kafireta maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, don gwani yakan kasa kunne ya gane ciwon inji. Amma tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta sa yawancin sababbin motocin can suka koma injekta, irinsu kuma sun fara shigowa Yamai da Maraɗi. Tawa ma irinsu ce, da ita nake zuwa ƙauyen da nake koyarwa.

Bara ta fara yi mini gardama. In na murɗa totur sai ta yi jinkiri, can kuma ta fizge ni. In na tsaya ta mutu, ga shan mai, ga fitilar inji tana ƙyaftawa. Ran da ta shaƙe ina tsakar wuce wata tirela a hanyar Damagaram, na san ba batun kuɗi kaɗai ba ne, batun rai ne. Garaji biyu suka canza buji, suka wanke tanki, ciwo yana nan.

A na uku, maigidan ya kira wani yaronsa da ya yi CFM. Yaron ya ce: "Mushe, ba kwance inji za mu yi ba, awo za mu yi." Ya nuna mini wata ƴar na'ura a gefen maƙogwaron da iska ke shiga, ana ce mata TPS. Ita ke gaya wa kwamfutar moto yadda aka buɗe totur, don ta san yawan man da za ta fesa. Waya uku gare ta: ta kawo wuta bolt 5, ta komawa, da ta kai rahoto.

Ya fara da share ƙura daga mahaɗin wayoyin, don sau da yawa nan matsalar take. Sannan ya kunna makulli bai ta da inji ba, ya sa ma'aunin lantarki a wayar rahoto. Lafiyayya takan nuna kusan 0,5 in totur na rufe, ta hau sannu a hankali zuwa wajen 4,5. Tawa tana kai 1,2 sai ta faɗo sifili, ta sake tsalle: cikinta ya goge daidai inda hannu ya fi zama. Ya cire wayar batir, ya kwance na'urar, ya ɗaura sabuwa, ya daidaita ta da ma'aunin nan har lambar ta zauna. Motar ta dawo lafiya lau.

Abin da ya raba yaron nan da sauran shi ne ya san 0,5 ba 5 ba ce, ya kuma iya karanta takardar kamfani. Darasin lambobi masu waƙafi ke nan, wanda ɗalibanmu ke hamma a kansa.

Don haka, ƴan uwana malamai, mu aro ma'aunin lantarki da batir mu shiga aji da su. Ku kuma iyaye, ku bar yaro ya je garaji ran Asabar da lokacin hutu, amma kada ku cire shi daga lakwal. In ya fita bai iya lissafi ba, wankin tanki zai yi ta yi, wani na yin awo yana karɓar kuɗin.