Libaful Ba Ƙwallo Ce Kaɗai Ba

'Yar uwa, na san in kika ji an ce Libaful ba abin da zai faɗo miki a rai sai ihun maigida da samarin unguwa a gidan kallon ƙwallo. Ni kuwa da na bi tarihin wannan gari na Ingila sai na tarar mu ma mata da hannunsa a ɗakunanmu, tun daga sabulun wanki har zanen ɗaurawa.

Garin yana arewa maso yammacin Ingila, a bakin kogin Masi, daidai inda kogin yake juyewa cikin teku. Shi wannan kogi ba irin namu ba ne da sai damina yake kawowa. Sau biyu kullum teku take turo masa ruwa ya cika maƙil, sannan ya janye, tsakanin cikarsa da janyewarsa kuwa yakan kai mita 10. Kin ga jirgin da ya tsaya da hantsi yana lilo a kan ruwa, kafin la'asar sai ki gan shi a zaune cikin taɓo kamar kwarya. To ta ina za a sauke kaya? A 1715 suka yi dabara, suka gina wani makeken tafki da tubali, suka sa masa ƙyaure. Ruwa ya cika jirgi ya shiga, a rufe ƙofa, kogi ya yi ta janyewarsa, shi yana nan daram. Wannan ƙyaure shi ya buɗe wa garin ƙofar arziki, har irin waɗannan tashoshi suka jeru fiye da mil 7 a gaɓar kogin.

Sai dai arzikin nan, Allah Sarki, da hawaye aka kwaɓa shi. Kafin Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, jiragen Libaful sun kwashi baƙar fata wajen miliyan ɗaya da rabi daga Afirka. Su taso da bindiga da yadi da giya, su musanya da mutane, su tsallaka da su gonakin rake da taba, su komo gida da sukari. Ni in na zo nan alƙalamina yakan tsaya, don kowane ɗaya cikinsu wata ce ta yi naƙudarsa ta goya shi. Kuma abin da ya fi ci min rai, galibi ba Bature ne ya shigo cikin ƙasa ya kama su ba, baƙi 'yan uwansu ne suka gangara da su bakin teku suka sayar.

Da aka hana bayi sai jiragen suka koma manja. A 1888 William Lever ya kafa masana'antar sabulu a tsallaken kogin, wurin da ya sa wa suna Port Sunlight, to kin ji inda aka riƙa yin sabulun nan. Kamfanin John Holt, wanda iyayenmu ke kira Janhol, ɗan Libaful ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da kakanninmu mata suka ɓare da hannunsu ta riƙa gangarawa Ikko ta hau jirgin ruwa, wani kaso nata a can yake sauka, jirgin ya juyo ɗauke da yadin Mancesta. Mu sayar da arha, mu saya da tsada, wai ciniki ke nan!

Yanzu manyan jiragen kwantena can bakin teku suke tsayawa, tsofaffin tashoshin cikin gari kuwa sun zama wurin cin abinci da yawon buɗe ido. A 1999 majalisar birnin ta fito ta nemi gafara kan cinikin bayi, a 2007 kuma aka buɗe gidan tarihin bauta a tashar Albat, taku kaɗan daga ramukan da ake gyaran jiragen bayin a da.