Ƙafar Soja da Takardar da Ta Ce A'a

Mu da ake tura mu gaba jan salla idan babban liman ya yi tafiya, akwai abin da muke gani wanda ba kowa ke lura da shi ba, wato ƙafafun mutane. Kafin kabbara sai mun waiwaya mun ce a daidaita sahu. A irin wannan waiwaye ne, da Babbar Sallar bara waccan, muka hango ɗan ƙanwarmu zaune a kan kujera a ƙarshen sahu, cikin dattawa masu ciwon gwiwa. Yaro ne da bai kai arba'in ba.

Da yawanku kun san shi. A rumfarmu ya tashi yana ɗaukar huhun goro zuwa tasha. Ya samu bizar ƙuri'a ta Amurka tun ana ba 'yan Najeriya, ya je can ya shiga soja, ya yi shekara shida ya fito. Da aka sallame muka tsare shi. Ya ce, "Kawu, ƙafa ce. Da asuba idan na taka ƙasa kamar na taka ƙusa." Tafin ƙafarsa ya shafe gaba ɗaya, babu lanƙwasar nan ta tsakiya, jijiyar da ta taso daga diddige zuwa yatsu kuma tana kumburi. Ya ce tafiya da kaya a baya cikin takalmin soja, mil goma sha biyu a tashi ɗaya, ita ta ƙarasa shi.

A can ƙasar, sojan da aiki ya nakasa ana biyansa diyya duk wata, gwargwadon kashin da aka yanka masa cikin ɗari. Ya nema, takarda ta dawo da a'a. Muka ce, to me ka yi? Ya ce, "Na bar wa Allah, Kawu. Ba rabona ba ne."

Wallahi maganar nan ta tsaya mana a rai, domin mu muka koya masa ita. Kullum wa'azinmu haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma gaskiya ne. Amma ashe ba mu cika masa karatun ba. Barin haƙƙinka a hannun wani alhali an buɗe maka ƙofar nema ba tawakkali ba ne. A kasuwa idan aka taya mana goro da farashin banza, ai albarka muke cewa mu ci gaba da ciniki, ba mu naɗe tabarma mu tafi gida.

Da daddare muka sa ya buɗe takardar a wayarsa, yana karantawa yana mayar mana da Hausa. Sai muka ga ba zalunci aka yi masa ba, abin da ke cikin fayil aka karanta. Abu uku ake nema: shaidar likita cewa ciwon yana nan yanzu, shaidar cewa wani abu ya faru a bakin aiki, da bayanin da ya haɗa biyun. Shi kuwa ranar ɗaukarsa likita ya rubuta cewa tafinsa a shafe yake kaɗan, kamar na duk danginmu. A shekara shida kuma sau ɗaya tak ya je asibiti saboda ƙafa. Wai kada a ce Bahaushe rago ne. Juriyar da muke yabo ita ta cinye masa hujja.

Amma dokarsu ta bar ƙofa. Ko mutum ya shiga da ciwo, idan aikin ya tsananta shi fiye da yadda zai ƙaru da kansa, ana biya. Tun watan Fabrairun 2019 kuma hanyar ɗaukaka ƙara uku ce. Ko ka nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ba ƙarin hujja. Ko ka sake shigarwa da sabuwar hujja. Ko ka kai gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara. Wa'adin shekara ɗaya ne daga ranar da ke kan takardar, kuma wanda ya motsa cikin wa'adin, idan ya yi nasara, daga ranar nemansa na farko ake lissafa masa kuɗi. Muka ƙirga da yatsu, saura masa wata biyu da 'yan kwanaki. Da ya ƙara zama cikin "ba rabona ba ne", da bashin watanni ya bi ruwa.

Ya zaɓi ta biyu. Da ya koma, wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta taimaka masa da cike takardu kyauta. Likitan ƙafa ya duba shi ya rubuta ra'ayinsa. Abokan aikinsa biyu suka rubuta yadda suka riƙa ganinsa yana ɗingishi bayan atisaye. Sai ya bugo mana waya cewa ana karɓar shaidar dangi.

Nan ne aka gwada mu. Wani maƙwabcinmu a kasuwa ya ce, "Malam, kawai ka rubuta lafiya lau ƙafarsa take, wa zai zo Ibadan ya bincika?" Muka ce a'a, shaidar zur ba ta zama halal don an aika ta ƙetaren teku. Muka faɗi abin da idonmu ya gani, wani malamin makaranta ya sa shi a Turanci: tafinsa a shafe yake tun yana yaro, amma ya yi shekaru yana dakon goro, yana buga ƙwallo da yamma, bai taɓa cewa wash ba. Ashe gaskiyar ita ce daidai abin da ake bukata, don ita ta nuna bambancin da da yanzu.

Bayan wasu watanni amsa ta zo. An yanka masa kashi 30, wanda shi ne na shafewa mai tsanani a ƙafa biyu, tare da bashin baya. Ƙafar ba ta warke ba, har yau a kujera yake salla. Amma ya bar aikin tsayuwa a sito, ya shiga koyon aikin zama.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari mujallarmu shi ne, a sahun nan namu akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo da rundunar ECOMOG, yau suna gadi da kumburarrun ƙafafu. Akwai kuma 'ya'yanmu da ke cikin kaki yanzu haka. Dokar Amurka daban, tamu daban, amma ofis ko'ina takarda yake gani, ba ya ganin ɗingishi. Mai ɗa a soja ya gaya masa: in ƙafa ta yi ciwo ya je asibiti a rubuta, ya ajiye kwafi. Wanda aka ba a'a kuma kada ya cusa takardar ƙarƙashin katifa. Ya kai wa mai karatu, a duba dalili, a duba wa'adi, a nemi tsofaffin abokan aiki tun suna raye. Rumfarmu tana buɗe bayan la'asar, za mu haɗa shi da wanda zai karanta masa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya. Amin.